Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zuwa Kumasi da 'Yar Rakani-Kashi

Makon jiya mun tsaya inda Kawu ya amince in kai masa manyan riguna Kumasi, tunda ciwon ƙafa ya hana shi tafiyar da ya saba. Shekarar 2016 ce, naira ta faɗi warwas, guzurin da ya ware min in an canza shi zuwa sefa ko Lome ba zai kai ni ba. Sai na shiga Sabon Garin Zariya na sayar da babbar wayata, na sayi 'yar rakani-kashi, na cika guzuri da ragowar.

Inna ce ta fi kowa tayar da hankali. "Yanzu ɗan nan ƙasar mutane za ka kai kaɗai, ba abin nuna hanya, ba hoton da za ka turo mana?" Kawu na kishingiɗe a tsakar gida ya ce, "Haba Yaya, fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sarin goro da jakuna wace waya suka riƙe? Matambayi ba ya ɓata." Ya yago takarda ya rubuta min sunan mai masaukinsa da ajami, ya ƙara da sunan unguwa, Aboabo. Iyakar abin da na riƙe ke nan, sai fasfo da katin rigakafin shawara.

A Kwangila na hau motar Legas. Seme da Kwatano ba wani labari, jira ne da buga hatimi. A Lome abin ya fara. Na sauka cikin dare, na raɓa a wani masallaci kusa da tasha, agogona ya nuna asuba ta yi amma shiru ba kiran salla. Na tambayi wani dattijo Bazabarme da ke lazimi a gefe, ya yi dariya ya ce, "Yaro, agogon Najeriya ne a hannunka, nan muna bayanku da awa guda." Da babbar waya ce da ta gyara lokacin da kanta, ni da dattijon nan ko sallama ba za ta haɗa mu ba. Ashe ɗan canji ne. Kafin gari ya waye ya koya min farashin sidi, kuɗin Gana, na ranar, ya ce in raba kuɗina gida biyu, ya kuma haɗa ni da yaronsa muka taka da ƙafa har iyakar Aflawo, don a bakin garin take.

Ba na cewa waya ba ta da amfani, yau ma da ita nake rubuta muku wannan. Amma baƙon da ya sunkuyar da kai yana latsa waya, ba mai ce masa sannu. Wanda ya ɗago kai yana waige-waige, shi ake tambaya ina za shi.

A Kumasi, daga kasuwar Kejetia har Aboabo hannu-hannu aka yi da ni. Mai koko ta miƙa ni ga wani tela, tela ya karanta takardar Kawu ya kira almajiri ya ɗaukar min ƙunshi ɗaya. Kafin mu isa, rabin layin ya ji Bazazzagi ya zo da riguna. Wani tsoho ya tsayar da mu a ƙofar gidansa ya ce in kwance. Bai ko kalli gaban rigar ba, juya ta ya yi ya bi bayan ɗinkin da ɗan yatsa, ya ƙirga asake. "Aska takwas, aikin hannu. Wannan cikin birni aka yi ta." Nan take ya biya, ban ma ga mai masaukina ba tukuna.

Da na isa, Alhaji mai masaukina ya ba ni wayarsa na kira Inna na ce na sauka lafiya. Daga nan ba mai damuna da saƙon a sayo masa kaza. Dare ya yi sai hira a ƙofar gida da dattawan zango, a nan na san wa ke biya hannu da hannu, wa ke cin bashi sai bayan salla.

Sai dai cinikin da na yi a hanya bai yi wa dillalin Alhaji daɗi ba, don la'adarsa ta wuce shi. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.