Asabar ɗin da na sa wa babur ɗin Baba sikiyoriti

Jiya a masallacin Juma'a aka ɗauke babur ɗin maƙwabcina. Ya kashe shi, ya murɗa kan ya kulle wuya, ya shiga sahu. Kafin liman ya sallame an yi gaba da shi. Sabo ne fil, bai cika wata huɗu ba, kuma bai gama biyan kuɗinsa ba. Da daddare muka shiga yi masa jaje, muka tarar da shi zaune a kan tabarma da makullin a hannu, yana ta jujjuya shi. Kowa ya ce Allah Ya mayar da alheri, shi kuma yana amsawa da amin, idonsa a kan makullin. Da na dawo gida na daɗe ban yi barci ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Nawa ba sabo ba ne. Honda CG125 ce ta marigayi Baba, wadda ya yi shekaru yana zuwa aiki da ita, ni kuma na gada. Tankin ya ƙoƙe, sirdin an sake masa fata sau uku, salansa tana da faci. Da can nakan ce wane ɓarawo ne zai ɓata lokacinsa a kan wannan tsohuwa. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta faɗi, sabon babur ya haura miliyan, ba abin da ake rainawa. Ko ba su sayar da ita ɗungurungum ba, za su farke ta su sayar da kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya. Injin kuwa har yanzu ƙafa ɗaya yake tashi. Tun a 1975 Honda ta fito da wannan samfuri, kuma ta ƙera shi ne musamman don ƙasashe irin namu, inda ake lafta wa babur kaya a manta da canjin baƙin mai. Baba yakan ce ta fi jaki haƙuri.

Don haka bayan sallar asuba na ƙudurta yau sai na sa mata abin da 'yan babura ke kira sikiyoriti, wato ɗan makunni ɓoyayye da ke hana wuta zuwa fulogi. Kuma na ƙudurta ni zan yi da hannuna, saboda a tunanina sirrin da mutum biyu suka sani ya tashi daga sirri.

Na san kaɗan game da wayoyin Honda. Koriya ita ce ta as, mai komawa jikin ƙarfen babur. Baƙa mai ratsin ja tana kawo wuta daga maganeto, wato ɗan janaretan da injin ke juyawa, zuwa akwatin CDI, mai tsara lokacin da wuta za ta je fulogi. Baƙa mai ratsin rawaya tana fita daga CDI zuwa kwayil, mai ƙara wa wutar ƙarfi kafin ta isa fulogi. Baƙa mai ratsin fari kuwa ita ce ta kashewa: da zarar ta taɓa as, wuta ta ɗauke. Ai shi ke nan, in ji ni. Na sayi makunni a shagon kayan lantarki na bakin titi, da waya yadi biyu da salatif. Na cire murfin gefe, na ɗaga sirdi, na ga baƙa mai ratsin fari tana leƙowa daga cikin ƙura, na feɗe ta, na jona ta da makunni, ɗaya bakin makunnin kuma na kai shi as. Na tayar da babur, na danna makunni. Injin ya ci gaba da ƙugi kamar ban yi komai ba. Na danna sama, na danna ƙasa, ba abin da ya canza.

Maimakon in kashe injin in yi tunani, sai na shiga lalube da yatsa ina neman wata wayar. Can na taɓa wani wuri da robar ta zaizaye. Wallahi har cikin gwiwar hannuna na ji wutar, sukundireba ta yi tsalle ta faɗa cikin kwata. Maiɗakina tana tsakar gida tana wanke-wanke, ta ɗago kai ta ce, "Malam, don Allah ka kai wa masu abin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne." Ban tanka ba. Na tsamo sukundirebar na wanke, na mayar da murfi, na kama hanya.

Akwai wani dattijo mai riwaya da Baba yake kai wa tun ina yaro. Rumfarsa tana nan inda take, sai dai langa-langar ta ƙara tsatsa, shi kuma ya ƙara furfura. Yana ganin babur ɗin ya gane shi kafin ya gane ni. Ya shafa tankin ya yi wa Baba addu'a, sannan ya ce, "Ɗana, me ya same ta?" Na faɗa masa gaskiya, har da girgizar da na sha. Ya yi dariya sai da tari ya sarƙe shi.

Bai fara da aikina ba. Ya ce in zare makulli in sa a aljihu. Na zare. Ya zura hannu bayan fitilar gaba, ya cire wani soket ɗaya, ya taka kik. Babur ya tashi. Makulli yana aljihuna, injin yana aiki a gabana. Duka-duka bai kai daƙiƙa goma ba, kuma ko filaya bai ɗauka ba.

Nan ne na fahimci abin da shekara da shekaru ban sani ba. A irin waɗannan tsofaffin babura, makulli ba ya ba injin wuta. Wutar fulogi daga maganeto take zuwa kai tsaye, ba ruwanta da batir, shi ya sa babur yake tashi ko batir ya mutu murus. Aikin makulli kawai shi ne idan ka kashe, ya haɗa wayar kashewa da as, ya danne wutar. Wanda ya cire soket ɗin ya raba su, wuta ta samu hanya. Saura makullin wuya, shi kuma dattijon ya ce ƙarti biyu in suka fizgi kan babur da ƙarfi sau ɗaya ya karye. Sai hoton maƙwabcina ya dawo mini, da makullin da yake jujjuyawa.

Sannan ya duba aikin da na yi da safe. Ya zare soket ɗin CDI, ya ɗauko mita ya sa ta a wurin da take ƙara, ya ɗora tsinke ɗaya a jikin injin, ɗayan yana bin bakin wayoyin bi da bi. Da ya zo kan baƙata mai ratsin fari, mita ta yi ƙara. Ya ce in kunna makulli, ta yi ƙara. In kashe, ta yi ƙara. "Ka ga," in ji shi, "as ka jona da as." Ashe wannan babur da kwantak ya zo, wato tsohon tsarin ba fulogi wuta, daga baya aka mayar da shi CDI, kuma wanda ya yi aikin ya cike giɓi da guntun wayoyin Suzuki. A wurin Suzuki kuwa baƙa mai ratsin fari ita ce as, ba ta kashewa ba. Launi ɗaya, ma'ana biyu. Ainihin wayar kashewa a nawa wata ce da maiƙo ya rine har ba a gane launinta, kuma ita kaɗai ce mita ke yi wa ƙara in an kashe makulli, ta yi shiru in an kunna. Ya ce shi babur ɗin da ya haura shekara ashirin ba ya yarda da launin wayarsa, don hannun da ya shiga cikinsa ba ya ƙirguwa.

Wadda ta ja ni kuma ta maganeto ce. Ya ce wutar da ke bin ta tana iya wuce bolt ɗari in injin yana gudu, ba irin sha biyun batir ba ce. Na ce ai na shaida.

Na tambaye shi me ya sa ba za a yanke waya ɗaya kawai a sa makunni a tsakiya ba, kamar na ƙwan ɗaki. Ya ce ana yi, kuma a wasu sababbin babura da CDI ɗinsu ke shan wuta daga batir haka ake yi, a katse mata abinci. Amma a nawa bai so. In makunni yana tsakiyar hanyar wuta, ranar da ya lalace babur zai mutu da kai a tsakiyar titi, watakila tirela tana bayanka. In kuwa reshe aka fitar zuwa as, ko wayar ta tsinke babur zai ci gaba da tafiya, sikiyoritin ne kawai ya daina aiki. Illarsa ɗaya ce: ruwa. In damina ta zo danshi ya shiga makunnin, wuta za ta riƙa zurarewa, injin ya dinga tari, kai kuma ka yi ta zargin kafireto. Saboda haka ya ajiye wanda na saya, ya ce na rediyo ne, ya ciro wani mai hular roba daga gwangwanin kayansa.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne inda za a jona. Dole reshen ya fito daf da akwatin CDI, ta yadda ko an cire soket ɗin makulli, nawa yana nan riƙe da wutar. Ya liƙe da dalma, bai yarda da murɗawa da hannu ba. Ya naɗe da salatif, ya cusa sabuwar wayar cikin tsohon ƙunshin wayoyin, sannan ya dangwalo baƙin maiƙo da yatsa ya shafe ta da shi, ya watsa mata ƙasa. Sabuwar waya mai ƙyalli a cikin tsohon babur, in ji shi, yatsa ce take nuna wa ɓarawo hanya.

Da aka zo maganar inda makunnin zai zauna, sai ya kira yaron shagonsa ya aike shi sayo ruwan leda can nesa, alhali ga mai ruwa a tsallaken titi. Ya ce ba zargi ba ne, baki ne ba ya da linzami. Ƙarƙashin sirdi da bayan murfin gefe ya ce kar ma in kawo su, nan ake fara dubawa. Ana son wurin da hannu zai kai kana zaune, kamar kana gyara bakin wando ko kana duba mai, ba tare da ka tsuguna jama'a suna kallo ba. Mun samu wurin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Muka gwada: makulli a kunne, makunni a danne, na taka kik sau biyar, ko tari bai yi ba. Ya sake cire soket ɗin bayan fitila, na taka, shiru. Na saki makunni, ƙafa ɗaya ya tashi. Da zan tafi ya ce kar in sa a raina na gama da ɓarayi. Wanda ya zo da mota zai ɗauka ya jefa a baya, wanda ya samu lokaci zai bi waya har ya gano. Mintoci kawai na saya, kuma ɓarawon bakin masallaci ba shi da su. Ya ce in haɗa da sarƙa da kwaɗo. Kuɗin aiki kuwa sai da muka yi ja-in-ja kafin ya karɓi rabi, wai saboda Baba.

Bayan isha'i ina ɗaki ina cin tuwo, na ji ƙanena ya shigo zaure. Ya saba ɗaukar makulli a kan taga ba tare da ya tambaya ba, ya dawo da tanki a bushe. Na ji ya fitar da babur, na ji kik na farko, na biyu. Na ci gaba da cin tuwona ina ƙirgawa. A na goma sha huɗu ya tsaya, na ji yana girgiza tanki. Maiɗakina ta dube ni, na dube ta. A na ashirin da wani abu warin fetur ya fara shigowa ta taga, na san fulogi ya jiƙe. Can ya ɗaga murya, "Yaya, babur ɗin nan fa ya ƙi tashi!"

Na wanke hannu, na ɗauki tocila da sifanar fulogi na fita. Yana tsaye yana haki, gumi ya jiƙe masa riga. Na ce ya shiga ciki ya karɓo mini tsumma a wurin maiɗakina, kuma ya tsaya ya sha ruwa kafin ya fito.