Ƙananan motoci masu zafin gudu a Amurka: waɗanda babu, da waɗanda za ka iya saye

Duk ɗan'uwan da ya sauka Amurka daga ƙasar Hausa, in dai yana da idon mota, ba zai yi mako ba sai ya lura cewa babu Peugeot a kan titi. Motar da ake harhaɗawa a Kaduna tun 1975, wadda kowane bakanike daga Zariya har Damagaram ya san cikinta, a nan sai ka shekara ba ka ga ko ɗaya ba, domin kamfanin ya tattara ya bar kasuwar Amurka tun 1991. Renault ta riga shi fita, Suzuki kuma ta sanar da daina sayar da motocinta a 2012. Wanda kuma ya biyo ta Jamus ko Faransa kafin ya iso, ya saba ganin 'yan ƙananan motocin nan masu ƙofa a baya, jiki kaɗan amma inji mai zafi, irin Polo GTI da Clio RS da 208 GTi da Swift Sport da Hyundai i20 N. Ko ɗaya daga cikinsu ba a sayarwa a nan. Toyota GR Yaris, wadda ta fito a 2020 da inji mai silinda uku da turbo, tana jan ƙafa huɗu, ita ma ba ta zo ba.

Dalilin kuɗi ne da doka. Amurka tana da nata ƙa'idojin kariya da na hayaƙi, dabam da na Turai da Japan. Kafin kamfani ya sayar da wata mota sai ya farfasa wasu daga cikinta a gwajin karo, ya sauya fitilu da bamba, ya kai injin gwajin hayaƙi. Wannan kuɗi ne mai yawa, kuma mutanen ƙasar manyan motoci da a-kori-kura suka fi saye, ga fetur da araha idan aka kwatanta da Turai. Ƙaramar mota ribarta kaɗan ce, sai kamfani ya ga ba ta cancanci wahalar ba. Yaris ɗin da aka sayar a Amurka a shekarunta na ƙarshe ma Mazda2 ce aka manna wa tambarin Toyota, aka kuma daina ta bayan 2020, saboda haka jikin GR Yaris bai taɓa samun takardar izini a nan ba.

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, domin mun saba da cewa mota in dai ta hau jirgi ta iso tasha, sauran magana ce tsakaninka da kwastan. A Amurka ba haka ba ne. Dokar da aka yi a 1988 ta hana shigo da motar da ba a ƙera bisa ƙa'idar ƙasar ba, sai ta cika shekara 25, kuma daga watan da aka ƙera ta ake ƙirgawa, ba daga shekarar da aka yi mata rajista ba. Motar da ta fito daga masana'anta a Mayun 2001 ba ta halatta sai Mayun 2026. GR Yaris ta farko sai 2045. Hukumar muhalli, EPA, tata iyakar shekara 21 ce, da sharaɗin cewa injin na asali ne ba a taɓa shi ba. Wanda ya shigo da motar da ba ta cika ba, ko ya sauya mata lambar jiki don ta yi kama da tsohuwa, kwastan za su ƙwace, su mayar da ita ko su murƙushe ta. Sun yi wa wata Land Rover Defender haka a Baltimore a 2013, suka kuma saki bidiyon don kowa ya gani. Idan ka ga mota mai lambar Meziko a Texas, irin wadda ba a sayarwa a nan, kada ta ruɗe ka. Baƙo ne ya shigo da ita na ɗan lokaci, doka ta ba shi shekara ɗaya, ba zai iya sayar maka ba, kai ma ba za ka iya yi mata rajista ba. Kanada tata iyakar shekara 15 ce, amma motar da ta shiga Kanada ta wannan hanya ba ta tsallakowa kudu sai ta cika 25 ɗin.

Idan motar ta tsufa yadda doka take so, ƙofa a buɗe take. Peugeot 205 GTI da 306 GTi-6 da 206 GTi ta 1999 duk sun halatta, haka Civic Type R ta farko ta 1997. Takardun su ne fom HS-7 na ma'aikatar sufuri, fom 3520-1 na EPA, takardar shigowa ta kwastan, takardar jirgi, rasidin saye, da shaidar watan ƙira daga kamfani idan babu a jikin motar. A wanke ƙarƙashinta tas kafin ta hau jirgi, domin ana duba ƙasa da tsirrai da ke maƙale. Harajin mota ya daɗe a kashi 2.5 cikin ɗari, amma an yi ta sauye-sauyen haraji tun 2025, don haka ka tambayi wakilin kwastan mai lasisi kafin ka biya ko sisi. Bayan ka fito da ita daga tasha, saura jiha: kowace da dokar rajistarta, kuma California ta fi kowa tsanani a kan hayaƙi. Sai kuma kayan gyara. Famfon ruwan 306 ba ya kan kantar kowane shago a Ohio, daga Ingila ko Faransa za a aiko, motar tana zaune. Ga wanda mota ɗaya gare shi kuma da ita yake zuwa aiki, ni ban ga hikimar wannan ba.

Abin da ake sayarwa a cikin ƙasar ya isa. Golf GTI tana nan, ita da Golf R ne kaɗai suka rage bayan an daina kawo Golf ta gama-gari a 2021. Inji lita 2 mai turbo, ƙarfin doki 241, amma an cire mata giyar hannu bayan ƙirar 2024. Civic Si tana da lita 1.5 da doki 200, kuma da giyar hannu kawai take zuwa, wanda hakan alheri ne gare mu da muka koyi tuƙi da kuloci. Akwai Elantra N, akwai Subaru WRX mai jan ƙafa huɗu da doki 271, akwai GR86 da tagwayenta BRZ, da Mazda MX-5 mai kujera biyu. GR Corolla, wadda ta fara da ƙirar 2023, injin GR Yaris ne a cikinta aka ƙara masa ƙarfi zuwa doki 300, sai dai farashinta ya bar sahun masu araha. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi na hannu: Fiesta ST ta 2014 zuwa 2019, Focus ST ta 2013 zuwa 2018, ko GTI ta bakwai, wato samfurin Golf na bakwai.

Kowace da ciwonta. GTI ta shida, musamman ta wajen 2010 zuwa 2012, abin da ke ɗaure sarƙar injin yana sakewa. Idan ka ji ƙarar kacau-kacau na daƙiƙa biyu lokacin tayarwa da safe, alama ke nan, kuma in sarƙar ta tsallake, fistin zai daki bawul, inji ya tafi. Ta bakwai famfon ruwanta ne ke yoyo, ka haska tocila ƙarƙashin bututun shigar iska ka nemi busasshen ruwa mai launin hoda. Giyar DSG mai shida, wato giyar otomatik ta GTI, tana son a canja mata mai duk mil 40,000, ka nemi rasidi, kada ka karɓi rantsuwa. Fiesta ST ta 2014 da 2015 kamfani ya kira su gyara saboda ƙarancin ruwa na iya tsaga kan inji. Ka sa lambar jikin motar mai harafi 17 a shafin NHTSA, hukumar kula da kariyar motoci, kyauta zai nuna maka ko an yi gyaran. WRX kuwa babbar matsalarta masu ita ne: yara su ƙara wa turbo matsi da kwamfuta, su sa salansa mai ƙara, sannan su mayar da komai yadda yake ranar sayarwa. Kawunan kusoshi da suka goge a wajen salansa da bututun iska suna tona wannan asiri. A jihohin arewa ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, don haka dole a ɗaga motar a duba tsatsa. Biyan bakanike mai zaman kansa ya duba kafin saye bai kai kuɗin taya biyu ba.

Motocin gwanjo na Copart da IAA, waɗanda muka saba turawa Kwatano da Legas, lissafinsu dabam ne idan a nan za ka hau. Motar da inshora ta yafe takardarta tana ɗauke da tambarin haka har abada, sai ta ci gwajin jiha kafin a ba ta lamba, wasu kamfanoni ba sa ba ta cikakkiyar inshora, kuma ranar sayarwa za ta faɗi ƙasa.

Inshorar ma ita ce abin da ya kamata ka fara tambaya, kafin ka je kallon mota. Shekarun da ka yi kana tuƙi a gida yawancin kamfanoni ba sa ƙirga su, sabon direba suke ɗaukar ka, kuma a jihohi da dama tarihin bashinka yana shiga lissafi, kai kuwa ba ka da shi tukuna. Saurayi mazaunin Bronx a birnin New York da sabon lasisi da WRX zai iya tarar da kuɗin inshorar wata ya kusa kamo kuɗin biyan motar. Ka ɗauki lambar jikin motar da kake so, ka kira kamfani uku su faɗi farashi. In ka ci bashi ka saya, banki zai tilasta maka cikakkiyar inshora. Tikitin gudu guda ɗaya yana bin ka shekaru a farashin, kuma a Virginia wuce mil 85 a sa'a laifi ne na kotu, abin da mai neman takardun zama ba ya so a fayil ɗinsa.

Yawancin waɗannan motoci suna son fetur mai lamba 91 ko 93, kuma ƙirgar nan dabam ce, 91 ɗin Amurka daidai take da wajen 95 ta Turai. Da yawansu suna zuwa da tayoyin bazara, waɗanda robarsu ke ƙanƙamewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius, birki ya rage kamawa ko da titi a bushe yake. A Minnesota ko Michigan sai ka tanadi tayoyin hunturu huɗu a kan nasu ƙarafan, ka ɗaura a Nuwamba, ka sauke a Afrilu.