Kuɗin wata-wata na manhajojin aiki

A kwanakin nan na zauna na duba manhajojin da nake biya wa kuɗi duk wata, na auna kowace da aikin da take yi mini. Tun da kamfanin manhajoji na Adobe ya koma tsarin biyan wata-wata a shekarar 2013, wannan salon ya zama ruwan dare, kuma a gaskiya haya ce, domin ranar da mutum ya daina biya ƙofa take rufewa. A Microsoft 365, alal misali, zai iya karanta takardunsa a manhajar Word da ke kan kwamfutarsa amma ba zai iya gyara su ba.

Duk da haka na ci gaba da biyan kuɗin Microsoft 365, saboda ma'ajiyar intanet ta OneDrive mai terabayit 1 da kuma abokan aikina da muke gyara takarda ɗaya a lokaci guda. Da rubutu kaɗai nake yi, da manhajar ofis ta LibreOffice ta ishe ni, tunda kyauta ce. Manhajar tsara ayyukan yau da kullum kuwa na soke ta, domin kalandar wayata tana yin duk abin da nake buƙata daga gare ta.