Katun ɗin Mai Shayi: Inda Aikin Ya Kai

'Yan uwa masu koyon zanen katun, assalamu alaikum. Ga bayanin inda na kai a ɗan gajeren wasan barkwancin da nake haɗawa, wanda tsawonsa minti biyu ne, kuma mutum biyu ne kawai ke ɗauke da shi: mai shayi da wani mai ciniki da ya saba cin bashi. Mutumin yakan iso teburin da safe cikin babbar riga, yana ɗaga murya domin na kan benci su ji, ya ce a haɗa masa shayi mai kauri, a soya ƙwai huɗu, a yanko burodi babba. Mai shayin ba ya cewa uffan, sai dai ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo littafin bashi, kuma duk shafin da ya buɗe sai abin da aka nema ya ragu, har maganar ta tsaya a kan ruwan bunu, shi ma rabin kofi.

Duk wanda zai fara irin wannan aiki ya kamata ya yi lissafi tun kafin ya ja layin farko. Fim na silima yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, talabijin a ƙasashenmu kuma da hoto 25, kuma a kan 25 na tsara nawa domin ina fatan wata rana ya dace da tasha. Minti biyu ke nan hoto 3000, kowane hoto ɗaya kuma shi ake kira firem. Ko da an bar kowane zane ya zauna firem biyu, kamar yadda aka saba a yawancin katun na hannu, zane 1500 ake magana, kuma mutum ɗaya mai aiki da dare bayan ya tashi daga nemansa ba zai kai ƙarshen wannan ba sai zuciyarsa ta fita daga aikin. Saboda haka tambayar da ke gabana tun farko ita ce a wane wuri zan zuba zane da yawa, a wane wuri kuma zan bar hoto ya tsaya cik.

Masu katun na talabijin sun daɗe da fuskantar wannan tambaya. William Hanna da Joseph Barbera, waɗanda suka yi shekaru suna katun na silima mai cikakken motsi, sun kafa kamfaninsu a Amurka a 1957, kuma da suka ga kuɗin talabijin ba zai ɗauki wancan salo ba, sai suka raba jikin ɗan wasa gida gida: gangar jiki ta tsaya a falle ɗaya, kai a wani falle, baki da idanu a wani. Wannan ne dalilin da ya sa da yawa daga cikin 'yan wasansu ke sanye da kwala ko laƙtaye, domin a ɓoye mahaɗar kai da jiki. A Japan ma, lokacin da Osamu Tezuka ya fara fitar da shirinsa na mako mako a 1963, ya rage yawan zanen da ke cikin daƙiƙa, ya kuma tara ma'ajiyar motsin da ake sake amfani da su daga mako zuwa mako. Mu tufafinmu sun sauƙaƙa mana wannan dabara, domin wuyan riga ya riga ya raba kai da jiki, hula kuma ta raba mu da wahalar zanen gashi. Ina kuma tuna wa kaina da marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015, kuma tun a 1966 ya fitar da katun na kwaɗi da layuka marasa yawa, ya zolayi ziyarar shugabanni da shagulgulanta, mutane suka fahimta sarai.

A halin yanzu an gama ɗaukar murya, allon labari, wato jerin zanen da ke nuna wasan fage bayan fage, ya kammala, kuma na haɗa su biyun na kalli wasan daga farko zuwa ƙarshe da hotuna tsayayyu. Murya na fara ɗauka kafin komai, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Barkwancinmu na talabijin a kan harshe ya ginu. Wanda ya kalli marigayi Usman Baba Pategi a matsayin Samanja ya san cewa rabin dariyar tana cikin yadda yake murɗa magana da inda yake katse ta, kuma ba mai zanen da zai iya ƙiyasta irin wannan da ka, ya zana, sannan ya nemi mai murya ya bi shi. Da waya muka ɗauka, a ɗaki mai labule da katifa domin su shanye amsa-kuwwa, bayan injinan wuta na unguwa sun yi shiru. Na bar masu muryar biyu suna fuskantar juna, ban ɗauki kowa shi kaɗai ba, kuma abin da na samu daga hakan ya fi abin da na rubuta, domin mai yin muryar mai cinikin ya ƙara wani ɗan gyaran murya kafin ya janye maganar ƙwai, wanda babu shi a takarda, yanzu kuma a kansa na gina wannan wurin gaba ɗaya.

Daga nan na shigar da sautin cikin manhajar Audacity, inda ake ganin maganar a zane tana hawa tana sauka, na bi ta gaɓa gaɓa ina rubuta firem ɗin da kowace ta faɗa a takardar lokaci. Zanen kansa a manhajar Krita nake yi, wadda kyauta ce, tana karɓar sauti, tana kuma nuna inuwar zanen baya da na gaba a ƙarƙashin wanda ake kai. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya gwada FlipaClip a waya, ko da yake dogon aiki yana gajiyar da mutum a ƙaramin allo.

Wurin da na fi daɗewa shi ne baki, kuma a nan nake so mu tsaya tare, domin jadawalin siffofin baki da ke yawo a hannun masu koyo an tsara su ne a kan masu magana da Turanci. Akwai siffa ɗaya a cikinsu da ake ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa domin harafin f. Ku tsaya gaban madubi ku ce kofi, ku ce shafi, za ku ga yawancinmu da leɓɓa biyu muke furta shi, haƙori bai taɓa leɓe ba. A bakin Bakano yakan kusanci p, a wajen Sakkwato da sassan Nijar kuma yakan koma hw ko h. Da na ɗora waccan siffa a fuskar mai cinikin sai ya zama baƙo, kamar wanda aka yi wa fassarar murya, saboda haka na cire ta na zana wata da leɓɓan suka kusa haɗuwa, da ɗan fili siriri a tsakaninsu. Wannan gyara ɗaya ya mayar da shi Bahaushe fiye da hularsa.

Sauran abin da na lura da shi ya shafi tsawo. Wasulanmu biyar ne, amma kowane yana da dogo da gajere, kuma ido yana ganin bambancin. Wasalin farko na shayi da na bashi dogo ne, don haka buɗaɗɗen baki yana bukatar ya zauna firem huɗu ko biyar, alhali gajeren wasali firem biyu sun ishe shi. Haka kuma baƙi mai ruɓi: a kalmar babba leɓɓa suna rufewa sau biyu, na biyun kuma ya fi na farko daɗewa, idan aka ba su tsawo ɗaya sai kalmar ta yi kamar an gutsure ta. Rufaffen baki guda ya wadatar wa b da ɓ da m. A ƙwai da kwano da gwangwani, leɓɓa sukan tattaru su yi zobe tun kafin a ji sautin, saboda haka nakan sa wannan siffa firem biyu gaba da inda sautin ya fara. A gaskiya dukkan bakin nakan matsar da shi firem ɗaya ko biyu gaba da murya, domin idan ya zo daidai cif sai ya yi kamar ya makara. Hawa da saukar murya kuwa baki ba ya nuna su ko kaɗan. Gira da haɓa ne ke ɗaukar wannan, musamman a ƙarshen tambaya, inda ɗaga gira da ɗan karkata kai ke yin aikin duka. Da siffa bakwai na ƙare, kuma ban ga bukatar ta takwas ba.

Mai shayin ba ya magana sai kalma ɗaya a ƙarshe, kuma shi ne ya koya mini abin da na fi so in isar muku. Dariyar wannan wasa tana cikin shirun da ke biyo bayan buɗe littafin. Da na ba shirun daƙiƙa ɗaya, mutanen gida da na nuna wa ba tare da na yi musu bayani ba sun yi murmushi kawai, domin amsar mai cinikin ta iso kafin su gama gane abin da littafin ke nufi. Da na ja shi zuwa daƙiƙa biyu, wato firem 50, sai dariyar ta zo a tsakiyar shirun, gyaran muryar nan kuma ya tayar da ta biyu. Abin farin ciki ga mai aiki shi kaɗai shi ne wannan wuri, wanda ya fi kowane ƙarfi a wasan, shi ne mafi ƙarancin zane.

Sai dai tsayayyen hoto yana da haɗarinsa, domin masu kallonmu a waya suke kallo, kuma idan komai ya daskare na daƙiƙa biyu za su ɗauka intanet ce ta tsaya. Dole wani abu ya ci gaba da numfashi. Na sa tururin buta yana tashi da zane shida masu maimaita kansu, mai shayin ya ƙifta ido sau ɗaya a hankali cikin firem shida, sannan a kusa da ƙarshen shirun maƙogwaron mai cinikin ya hau ya sauka, alamar haɗiyar yawu. Ba na barin biyu daga cikinsu su faru a lokaci ɗaya, ban da tururin, domin idon mai kallo wuri ɗaya yake iya tsayawa, kuma ni ne ya kamata in zaɓa masa wurin.

Zanen da na tara daga waɗannan wurare na kashe shi ne a kan babbar riga. Aikin zare da ke ƙirjinta ba ya zanuwa sau ɗari da hannu ba tare da ya yi rawa ba, saboda haka na taƙaita shi zuwa aska biyu da da'ira ɗaya, na ajiye shi a fallensa tsayayye. Amma saɓa hannun riga a kafaɗa, wanda shi ne alamar isar mutumin, shi na zana firem bayan firem. Kafaɗar tana fara sauka kaɗan kafin hannu ya tashi, hannun ya kai sama ya tsaya, yadin kuma ya biyo baya da jinkirin firem uku ko huɗu, ya wuce inda zai zauna, sannan ya dawo ya kwanta. Wannan shiri kafin motsi da biyowar yadi bayan jiki suna cikin ƙa'idoji 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston na kamfanin Disney suka tattara a 1981, amma na fi gane su da na zauna ina kallon dattawa suna fitowa daga masallacin Juma'a, domin shadda mai sitati tana faɗuwa a dunƙule, yadi mai laushi kuma yana zubowa ninki ninki. Shadda na ba mutumina. Sau uku yake saɓa rigar a wasan, kowane ya fi na baya ƙanƙanta, a na ƙarshe kuma ta zame daga kafaɗarsa bai ko kula ya mayar da ita ba. Na farko da na biyu sun kammala, kuma na gamsu da su.

Abin da ke gabana yanzu shi ne sheƙa shayi tsakanin kofi biyu, wanda har yanzu bai zauna ba. Hannuwan suna tafiya daidai, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, amma ruwan yana fitowa kamar igiya mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, alhali shayin gaske yana sirancewa yayin da yake faɗowa, yana kuma ɗan lanƙwasa idan hannun sama na cikin tafiya, kumfa na taruwa a kofin ƙasa. Na roƙi mai shayin unguwarmu ya yarda in ɗauki hannunsa da waya a yanayin ɗauka mai jinkiri, ya kuwa amince, kuma niyyata in bi hoton firem firem in fitar da manyan zane huɗu, in cike tsakaninsu, in mayar da su zagaye mai maimaituwa da zan yi amfani da shi a farkon wasan da tsakiyarsa. Bayan wannan sai zamewar riga ta ƙarshe, sai launi, wanda na yanke shawarar kada ya wuce kala takwas domin fuskoki su fito a ƙaramin allo. Wanda a cikinku ya taɓa zana ruwa mai zuba, ina neman shawararsa a kan ko zane biyu masu musanya sun isa su nuna kumfar, ko kuwa sai uku.