Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Takardar Sunaye

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka ɗauke ni aiki a masana'antar ɗinki ta Tema a Ghana, kuma tun da wancan kashin ya fita Yaya Babba ya kira ni har sau biyu yana roƙona in tsallake maganar takardar sunaye, wai abin da ya wuce ya wuce, kuma zumunci ya fi ƙarfin takarda. Na saurare shi da ladabi kamar yadda na saba, amma ba zan tsallake ba, domin idan na cire wannan takarda daga tarihina babu wanda zai gane dalilin da ya sa na daɗe ban taka gidan Goggo ba, kuma 'ya'yana za su tashi da labarin da wasu suka ba su, cewa taurin kai ne ya raba uwarsu da aikinta.

Marigayi Baba yana da magana guda da ba ta barin bakinsa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yana faɗinta idan muka yi faɗa a kan kwanon tuwo, yana faɗinta lokacin da dattawan masallacinmu na Zango Laka suka rabu biyu a kan limanci, har muka ɗauke ta kamar tarin da yake yi da asuba, abin da kunne ya saba da shi. Ban san nauyinta ba sai a shekarar 2007.

A wancan zamani kowa a garinmu Ashaiman, kusa da Tema, yana ɗokin aikin ɗinki. Amurka ta kafa dokar AGOA a 2000, wadda ta ba ƙasashe irin su Ghana damar shigar da tufafi kasuwarta ba tare da kuɗin fito ba, gwamnatin Shugaba Kufuor kuma ta sa ɗinkin tufafi cikin shirye-shiryenta na musamman. Kamfanin da ya shiga yankin da aka keɓe a Tema yana samun shekara 10 ba ya biyan harajin riba, da sharaɗin ya fitar da aƙalla kashi 70 cikin 100 na kayansa zuwa waje. Namu kuwa ko ƙyalle bai taɓa kwana a kasuwar Ghana ba. Yadi ya sauka daga Asiya a tashar jiragen ruwa, mu ɗinka, a cika kwantena, ya koma ta ƙofar da ya shigo. Baba, wanda ya yi shekara da shekaru yana ɗinka babbar riga tun daga yanka har aikin wuya, ya tambaye ni a makon farko abin da nake ɗinkawa. Na ce aljihu. Ya ce, "Sai kuma me, 'yar nan?" Na ce aljihu ne kawai. Shekara biyu na yi ina manna aljihu a wandon ma'aikatan asibitin Amurka, ban taɓa haɗa wando guda daga farko zuwa ƙarshe ba.

A kan kowane layi akwai allo, duk awa ɗaya mai kula da layi ta rubuta adadin da muka fitar, idan bai kai ba ta zagaye shi da jan alli. Katin shiga bayan gida guda biyu ne ga layi gaba ɗaya, sai wadda ta tafi ta dawo da shi kafin wata ta tashi. Hutun rana kuwa a cikinsa za ki ci abinci, ki yi alwala, ki yi azahar a kan kwali a bayan sito. Idan allura ta karye dole ki tattara duk gutsattsarinta a manna su a littafi kafin a ba ki sabuwa, kuma wannan doka ba ta da laifi, don kada ƙarfe ya tafi cikin rigar mutum. Ku riƙe maganar allurar nan, za ta dawo. Mafi ƙarancin albashi a shekarar 2007 sidi 19,000 ne a rana, da aka canza kuɗi a watan Yuli ya koma sidi 1.90, kuma abin da ake ba mu bai yi nisa da hakan ba.

Ba albashin ne ya tayar da mu ba. A shekarar ruwan madatsar lantarki ta Akosombo ya yi ƙasa ana ta rabon wuta, saboda haka duk aikin da aka rasa da rana sai a rama shi da dare idan ranar tashin kwantena ta matso, a rufe ƙofa har bayan isha'i, ƙarshen wata kuma ki duba takardar albashi ki ga obatayan bai kai rabin abin da kika ƙirga ba. Ga kuma dabarar wata biyar. Doka ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere a hannun mai aiki ɗaya ya zama na dindindin, don haka sai a sallami mace a wata na biyar, a ce ta huta, bayan 'yan makonni a sake ɗaukarta a matsayin sabuwa. Wadda ke zama a kekena na dama, wata 'yar Bolgatanga mai yawan fara'a, sau uku ana yi mata haka, a na huɗu da aka lura tana da juna biyu ba a sake kiranta ba.

Wata Lahadi muka taru a ajin wata makarantar firamare a Ashaiman, muna zaune a bencin yara, wani jami'in ƙungiyar ƙwadago ya karanta mana Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651. Yana karantawa da Turanci yana fassarawa da Tuwi, ni kuma aka ce in tashi in juya wa 'yan arewa da Hausa, domin Dagomba da Frafra da Zabarmawa da Kotokoli duk a Hausa muke haɗuwa. Da bakina na faɗa musu cewa ma'aikata biyu sun isa su kafa ƙungiya, cewa aiki awa 8 ne a rana, 40 a mako, cewa mai jego tana da hutun aƙalla mako 12, cewa korar mutum saboda ya shiga ƙungiya kora ce ta zalunci a idon doka. Har yau ina alfahari da wannan tsayuwa. Sai jami'in ya ƙara da abin da ya zame mana ƙaya: kamfani ba zai zauna da mu a yi cinikin albashi ba sai ƙungiya ta karɓi takardar izini daga Babban Jami'in Ƙwadago, ba kuwa za ta samu ba sai ta nuna yawan ma'aikatan da ke bayanta. Ma'ana, kowa ta rubuta sunanta ta sa hannu.

Mako uku na yi ina tara sunaye, a cikin motar tirotiro, a wurin mai koko da ƙosai, a bakin famfo. Wadda ba ta iya rubutu ba ta dangwala yatsa. Ina naɗe takardun in sa su ƙarƙashin kwanon abincina a cikin ɗauri, don masu gadi ba sa buɗe kwanon abinci, har wata rana manja ya zubo ya ɓata kusurwar shafi na uku. Da Baba ya gan ni ina shanya shafin a kan tabarma, bai ce in bari ba, tambaya ɗaya ya yi: "Wa da wa ke riƙe da ita?" Na ce ni ce, sai 'yar Goggo da za ta kwana da ita gobe don ta sa 'yan layinsu su sa hannu. Ya yi shiru, ya gyara zaren da ke bakinsa, ya faɗi maganar bangonsa. Raina ya ɓaci a ranar, domin yarinyar nan tabarma ɗaya muka kwana da ita tun muna ƙanana, ni na kai ta aikin, ni na koya mata sa zare a keken lantarki. Na ɗauka tsufa ne kawai da yawan zargi.

Ranar Litinin da hantsi aka kira ni ofishin manajan ma'aikata. Na baro zafin layi na shiga sanyin da ya sa tsigar jikina ta tashi, kuma kafin in zauna idona ya faɗa kan teburinsa. Kwafin takardarmu ne, da rubutun hannuna, kuma a kusurwar shafi na uku ga tabon manjan nan ya fito baƙi ƙirin. Takardar ba ta kai hannun ƙungiya ba tukuna, dare ɗaya kawai ta yi ba a ɗakina ba. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce su ba su hana kowa shiga ƙungiya ba, amma masu sayen kaya ba sa son hayaniya, kuma tun da aka cire ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke fitarwa a farkon 2005, odar da ake ba mu Sin ko Bangladesh za su iya ɗinka ta da arha, idan aka rufe masana'antar kuwa alhakin mata ɗari-ɗari yana wuyana. Sannan ya turo min wata takarda da aka riga aka buga, wadda ke cewa an ruɗe ni ne kuma na janye sunana, sa hannu kaɗai ya rage. Na ce masa ba wanda ya ruɗe ni, ni ce ma na fassara. Ya ce in je in yi tunani.

Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa kiran mata a makon nan, kowace ta fito idonta a ƙasa. Ban taɓa riƙe su a zuciya ba, don na san wadda ke ciyar da marayu, na san wadda kuɗin hayarta ya ƙare. Kwatsam aka kafa wani kwamitin walwala na cikin gida aka raba shinkafa da man girki. Aka kuma ɗaga mutum uku zuwa masu kula da layi, aka ce yanzu su 'yan ɓangaren gudanarwa ne, doka ta fitar da su daga ƙungiya. 'Yar Goggo tana cikin ukun, ita da ba ta cika shekara ba. Ni kuma aka ɗauke ni daga keke aka kai ni wurin guga, tsaye daga safe zuwa yamma cikin tururi, nesa da kowa. Da masu binciken kamfanin da ke sayen kayanmu suka zo daga waje, an wanke bayan gida, an ɓoye katunan nan biyu, an kuma ba ni hutun yini ɗaya da ban nema ba.

Shekaru bayan haka, a watan Afrilun 2013, ina shagona ina sauraron rediyo na ji labarin ginin Rana Plaza a Bangladesh, ƙasar da aka riƙa yi mana barazana da ita. An ga tsaga a bangon ginin, washegari aka tilasta wa masu ɗinki su koma ciki, ya rufta, mutum fiye da 1,100 suka mutu. Na tsayar da keke na yi kuka, domin na san abin da ke sa mace ta ga bango a tsage da idonta ta kuma shiga. Na san muryar da aka yi musu magana da ita, na ji irinta a ofishi mai sanyi. Da suna da wanda zai tsaya ya ce ba za mu shiga ba, kuma a kasa korarsa, da wataƙila da yawansu suna raye. A lokacin Baba ya rasu, ban sami wanda zan faɗa wa ba.

Na koma baya. Bayan wata biyu a wurin guga sai aka mayar da ni keke ba tare da bayani ba, a kwana na huɗu allura ta karye, na tattara gutsattsari biyu, ɗan tsinin ya ɓace. Abu ne da ke faruwa kullum, ana ware kayan a bi da su ta na'urar gano ƙarfe, a wuce wurin. Ni kuwa kafin la'asar takardar sallamata ta fito, an rubuta sakaci. Wadda ta sa hannu a matsayin shaida ita ce mai kula da layina, 'yar Goggo, kuma ba ta ɗago kai ta dube ni ba lokacin da mai gadi ya tsaya a kaina ina haɗa kwanona da hijabina. Jami'in ƙungiya ya kai ƙarata Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa a Akra, zirga-zirgar da na yi can kuwa sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Abin da Yaya Babba bai gani ba, don yana Kumasi a lokacin, shi ne zuwan Goggo gidanmu kwana uku bayan korata. Ta zauna a ƙofar ɗakin Baba ta ce yara ne, yarinyar tsoro ta ji, a yafe a rufa asiri. Da ta ce 'yarta ta yi kuskure da na yafe a wurin, amma sai ta ƙara da cewa ai babu ma tabbacin ita ce ta kai takardar. Baba ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Yaya, ni ba zan yanke zumunci ba, gidan nan gidanki ne. Amma kada ki sa 'yata ta ce ba ta ga abin da ta gani ba." Bai faɗi maganar bango a gabanta ba, kuma bai taɓa ce min ai na gaya miki ba, har ya koma ga Mahaliccinsa.

Da Goggo ta tafi ya kira ni shago, ya yaye zanin da ke rufe da tsohon kekensa Singer na biyu, wanda ba a taɓa ba tun rasuwar Kawu, ya ɗiga masa mai. Ya shimfiɗa yadi huɗu na shadda a kan tebur, ya miƙo min almakashi da awon wani kaftani, ya ce in fara daga wuya.