Hotunan da nake ɗauka a bayan mai Napep

Ni dai ba mai ɗaukar hoto ba ne, in ka ganni wurin biki to shinkafa ta kai ni ba kyamara ba. Wata tsohuwar Tecno gare ni wadda gilashinta ya tsage ta gefe, da ita nake wannan rigimar. Abin ya faro ne bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, na duba aljihu na duba babur ɗina, na tura shi zaure na lulluɓe da buhu. Tun daga nan kullum Napep nake hawa daga wajen Ƙofar Marusa zuwa wurin aiki can Ƙofar Ƙaura, kuma da yake yanzu ba ni ke tuƙi ba sai idona ya buɗe, na fara ganin garin da aka haife ni kamar baƙo.

Kowa ya tashi nuna Katsina a Facebook hasumiyar Gobarau zai ɗora, ko dawakai a Ƙofar Soro ranar hawan sallah. Suna da kyau ban musa ba, amma sau nawa a shekara ake hawa? Ita kuwa Katsinar ƙarfe bakwai da rabi na safe kullum tana nan ba mai kallonta. Yara uku da yunifom an cusa su kujerar baya ɗaya na gyangyaɗi ya rungume kular abinci, ɗalibai sun yi cirko-cirko suna jiran motar hanyar Dutsin-Ma, mai kai nama kasuwa ya ɗaure cinyar bijimi a bayan babur kamar fasinja, mai shayi na jan shayi daga kofi zuwa kofi tururi na tashi.

Farkon hotunan nan dai kar ka so ka gani, duk sun yi dishi-dishi. Napep ƙafa uku gare ta, ko tsaye take injin na kaɗa ta, balle ta faɗa rami. Sai a hankali na gane dabara: in jira direba ya tsaya sauke wani ko ya rage gudu a shataletale, in manne gwiwar hannu a jikina, in danna da maɓallin ƙara sauti na gefen waya maimakon dungurin allo, kuma in ɗauka biyar shida a jere ko ɗaya ya fita. Zum kuwa na daina taɓa shi, a irin wayoyinmu ba abin da yake sai farfasa hoto. Sannan haske, tsakar rana ɓata lokaci ne, fuska ta yi baƙi ƙasa ta yi fari fat. Amma safiyar hunturu, kai! Hazon nan da muke tsinewa saboda mura da kaushi shi ne ke tace rana ta zama laushi, sai ka ga masu babur sun fito daga cikin ƙura da rawani an naɗe har hanci kamar a mafarki. Sai dai a riƙa goge idon kyamarar da bakin riga, ƙura ba ta da kunya.

Wanda na fi so duk cikinsu ba fuskar kowa a ciki. Hannun wata tsohuwa ne, da lalle ya fara koɗewa a yatsu, tana kwance bakin zane ta zaro 200 da ta tsufa har ta yi laushi kamar tsumma, shi kuma hannun direba ya miƙo ta bayan kafaɗa bai ma waiwayo ba, tsakanin yatsunsa canji ne ninke tsaye-tsaye yadda suke yi. Na biyunsa madubin gefe ne, idon direba ɗaya da rabin hula, carbi na lilo. Ina kuma tara rubuce-rubucen bayan Napep, irin su "Rabo sai Allah" da "Mahassada ku huta", ranar da na ga wannan na biyun a jikin wadda ake turawa mai ya ƙare sai da na yi dariya har na kusa rasa hoton. Af, na daɗe ban san sunan Napep ɗin ma gajarce shi aka yi ba, sunan wani shirin yaƙi da talauci ne na zamanin Obasanjo a 2001, shirin ya tafi suna ya zauna, kekunan kuwa yawanci Bajaj ne da TVS na Indiya.

Dalilin da ya sa na koma hannuwa da madubi akwai labari. Wata ranar Litinin mun tsaya kusa da kasuwa na hango wani dattijo da kwandon goro a ka, hasken ya zauna masa daidai, na ɗaga waya kenan sai mutumin da ke gefena ya dafa min hannu ya ce, "Kai ɗan nan, mi kake ɗauka?" Kafin in haɗa amsa direba ya kashe inji, mutum biyu uku sun matso, na ji wani daga baya ya ce ko infoma ne. A Katsinar yanzu da halin da ƙauyukanmu ke ciki da 'yan bindiga wannan kalma ba ta wasa ba ce, gumi ya keto min duk da sanyin nan. Na ce, "Baba ku yi haƙuri, wallahi sha'awa ce kawai," na miƙa wayar suka yi ta turawa, hannu, madubi, akuya a Napep, mai shayi. Dattijon goron da kansa ya leƙa ya ce, "To ni mi na yi da za a kai ni intanet ban ko wanke fuska ba?" Aka yi dariya, amma na goge a gabansa, kuma gaskiyarsa ce. Mata kam tun farko ba na ɗaukar fuskarsu, yanzu maza ma sai na yi sallama na tambaya, wanda ya ce a'a shi kenan. Wasu hotunan sun wuce ni saboda haka, har yanzu na kan tuna hasken da ke kan kwandon goron nan.

Direban ranar kuwa mun zama abokai, in ya hango ni bakin titi tun daga nesa yake danna hon. Makon jiya na nuna masa hoton madubinsa ina jiran yabo, ya jujjuya wayar ya ɓata rai ya ce, "Haba Malam, ido ɗaya? Kuma keken duk ƙura." Ya ce in bari sai Juma'a in ya kai ta wanki ya sa shaddarsa, in ɗauke shi tsaye gaba ɗaya da lambar keken ta fito, zai tura wa wadda yake nema a Batagarawa.