Rataye na 11

Makon jiya na mayar da katin shiga ofis da kwamfutar aiki, bayan shekara huɗu ina duba fayilolin ladabtar da ma'aikata a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa. Shekara huɗu a bakin aiki, amma a takarda ban taɓa wuce wata shida ba. Kwantiragi ne, kuma duk sabuntawa sai da sa hannun shugaban sashen shari'a.

Fayil na tara da aka ba ni na wani mai kula da sito ne a ɗaya daga ofisoshinmu na nesa. An zarge shi da kai rasit ɗin asibiti na bogi don karɓar kuɗin inshorar lafiya. Mun saba da irin wannan tuhuma, ita da ta kuɗin makarantar yara da ta man mota. Rahoton masu bincike ya zo da rataye 14, wato takardun hujja da aka haɗa masa, kuma duk tuhumar ta tsaya ne a kan abu guda: lambobin rasit uku ba sa cikin littafin asibitin. Nawa aikin shi ne in rubuta takardar tuhuma, in haɗa hujjojin da za a tura masa ya kare kansa.

A rataye na 11 na ci karo da wani imel daga akawun asibitin, layi huɗu kacal. Ya ce a watannin da ake magana littafin rasit biyu suka yi aiki da su, na biyun ya ɓace lokacin da suka sauya gini.

Na ɗauki takardar na shiga wurin shugaba. Na ce, "Yallaɓai, wannan fa tana iya wanke shi." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Barista, akawu bai ce rasit ɗin na gaske ne ba, cewa ya yi littafi ya ɓace. Kada ki cika wa mutum fayil da tarkace." Saura mako uku kwantiragina ya ƙare. Na koma teburina na zare takardar. Abin da har yau yake hana ni barci shi ne ban tsaya nan ba: da hannuna na gyara lambobin, na 12 ya koma na 11, don kada a ga giɓi. Wannan kam ba wanda ya sa ni.

Kuma ba jahilci ba ne. Ƙungiyoyi irin tamu suna da rigar kariya, ma'aikaci ba ya iya kai su kotun ƙasar da yake zaune. In ya gama ɗaukaka ƙara ta cikin gida, yana da kwana 90 ya kai kuka kotun ma'aikata ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Jeniba. Tsohuwar kotu ce, tun 1927 take, kafin a mayar da ita ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadagon a 1946, kuma hukuncinta ba a ɗaukaka shi. Duk wanda ya yi wata ɗaya a wannan fanni ya san abu biyu game da ita. Tana neman ƙungiya ta tabbatar da laifi ba tare da sauran kokwanto ba, kamar a shari'ar manyan laifuka. Ko tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kotu hawa biyu tun 2009, bai kai nan tsanani ba, hujja bayyananniya mai gamsarwa yake nema kafin kora. Na biyu, dole ma'aikaci ya ga abin da aka tattara a kansa kafin a yanke masa hukunci. Littafin da ya ɓace ai kokwanto ne tsirararsa. Na san haka sarai a ranar da na zare takardar. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, haka na lallashi kaina.

Aka kore shi. Amsar da ya rubuto shafi biyu ce, ba lauya, yana rantsuwa cewa matarsa aka yi wa aiki, a je asibitin a tambaya.

Bayan wata 14 kwamitin ɗaukaka ƙara ya nemi ainihin fayil ɗin masu bincike, ya ƙirga rataye, ya ga 14 a can, 13 a namu. Ya ba da shawarar a soke korar. Manya suka yi kunnen uwar shegu, magana ta kai Jeniba, a shekarata ta huɗu hukunci ya fito: an soke korar, an ba shi diyya, amma ba a mayar da shi aiki ba, an daɗe da cike gurbinsa. A takardar bayanin da sashenmu ya tura sama, an rubuta cewa "kuskuren haɗa takardu ne daga lauyar kwantiragi". Wanda ya kira imel ɗin tarkace shi ya sa hannu. Maganar tarkacen kuwa da baki ya faɗa mini, ba shaida, ba rubutu. Ni kuwa da nake tsara wa wasu hanyar kare kai, ba ni da ƙofar wannan kotu, don ɗan kwantiragi ba ma'aikaci ba ne. Aka shafa mini kashin kaji, na yi shiru, tunda rabinsa dama nawa ne.

Tun daga fayil na goma na sauya hali. Duk umarnin da aka ba ni da baki, kafin in tashi aiki sai na tura imel: "Yallaɓai, kamar yadda ka umarta ɗazu." Abin mamaki, umarni da yawa sai su narke. Ban ƙara karanta rahoton bincike kafin ratayensa ba, daga baya nake farowa. Tsakanin takardar gargaɗi da kora akwai cin tara, da rage matsayi, da dakatar da ƙarin albashi, amma na lura ƙananan ma'aikata ake saurin kaiwa matakin ƙarshe, babba kuwa sau da yawa murabus ake bari ya yi cikin mutunci. Na rubuta wannan ma, sau biyu, ba a amsa ba. In akwai tafinta a hirar bincike, sai na nemi sautin da aka naɗa. Ranaku kuma da kalanda nake ƙirga su, ba da ka ba.

Daga fayil na goma zuwa na ƙarshe, babu wanda aka soke saboda ɓoye hujja. Ba wanda ya ambaci haka a ɗan taron sallamar da aka yi mini, shugaba dai ya yaba da "biyayyata". A takardar miƙa aiki na bar wa wadda za ta gaje ni lambar fayil ɗin mai siton, da kwafin imel ɗin akawu a saman komai. Na ji an ce nata kwantiragin wata uku ne.